Faifan da Ya Maƙale a Injin Khala

Salama gare ku, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in daina ja mata rai in kai ta wurin ɗaurin aure kawai. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ni ma can na so in kai ki. Amma dole in fara ba ku labarin wata tsohuwar kwamfuta, domin ita ta tare hanyar.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Shumaila. Shekarata ashirin da takwas, ni ce 'yar fari a gidan Ustad Nazir mai gyaran kwamfuta a Gujrat. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanwata Nimra, wadda na ba shekara takwas. Nimra fara ce, doguwa, idan ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Ni kuwa launin Abbu na ɗauko, da tabarau mai kauri.

Duk layinmu sun san Abbu, wato mahaifinmu, shi ne ke gyara. Ba shi ba ne. Shekara uku ke nan ciwon suga ya cinye masa gani, sai inuwar mutum yake iya rarrabewa. Yana zama a shago da farar hularsa, ya karɓi aiki, ya ce a dawo jibi. Da mai kaya ya tafi, sai in sauko ta matakalar baya in kwashe in hau da su ɗakin sama. Ammi, mahaifiyarmu, ta hana a faɗa wa kowa. Ta ce babu uwar da za ta zaɓa wa ɗanta mace mai warin dalma a hannu.

To, ko ba a faɗa ba, ba a zaɓa ba. Gida huɗu suka zo ganina. Sau huɗu na ɗauko tiren shayi da samosa kaina a ƙasa, tabarau a ɓoye a kicin saboda Ammi ta ce yana tsufar da ni, har na taɓa zuba wa wata baƙuwa shayi a gefen kofi. Duk sun ci, sun yaba samosar, babu wanda ya dawo.

Na biyar ɗin shi ne Sarfaraz. Yana aiki a wata masana'antar ƙarfe a Brescia, can Italiya, shekara shida bai zo gida ba. Da aka yi bikin 'yar kawuna Farzana, dangin ango suka aika masa faifan bikin, kamar yadda ake aika wa duk 'yan waje. Kun san abin da ake yi da faifan biki a wurinmu. Ba amarya ake kallo ba, 'yan matan da ke bayanta ake kallo. Sarfaraz ya kalla, ya kira mahaifiyarsa, Khala Musarrat, ya ce ya ga wadda yake so. Bayan sati biyu Khala ta zo gidanmu da kwalin alewa, ta ce Shumaila take nema wa ɗanta.

Abbu ba ya ba da hoton 'ya'yansa, kuma ba a matsa ba, tunda yaron ya riga ya gani. Lamba kawai aka yarda mu yi musaya. Wata huɗu muka yi muna saƙo. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu, kamun da ban san akwai irinsa ba. Mutum ne mara yawan kalamai. Saƙonsa irin wannan ne:

"Na tashi aiki. Hannuna duk baƙin mai. Kin ci abinci, ko kina can kina faɗa da noti?"

Shi kaɗai ne a duniya, ban da mutanen gidanmu, ya san ni ke gyaran. Ni da kaina na faɗa masa a saƙo wata rana. Ya ce ashe Injiniya Allah ya ba shi, tun daga ranar kuma sunan ya bi ni. Aka sa ɗaurin aure ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci, ta wayar tarho, shi yana can da shaidunsa, mu muna nan da namu, don a fara neman takardun tafiyata. Sai hunturu zai zo a yi biki.

Ranar Asabar, saura kwana shida, saƙonsa ya shigo da hantsi.

"Injiniya, na turo miki aiki. Kwamfutar gidanmu ta daina karɓar faifai tun watanni. Na ce wa Ammina ta kai wa Abbunki. Ina so ranar Juma'a ta kalli hotunan da na aiko. Kada ki tona ni."

Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya.

Bayan azahar Khala ta sauka daga riksho, keken haya mai ƙafa uku, direban yana biye da ita rungume da akwatin kwamfutar, an lulluɓe shi da wani zane mai aikin furanni a baki. Khala mace ce mai jiki da ƙamshin turare, awarwaron zinariya shida a hannu ɗaya. Ta sumbace ni a goshi, ta ce 'yarta ta rame, ta ce Ammi ta riƙa ba ni man shanu. Daga nan ta leƙa shago wurin Abbu, ni kuma na laɓe a bayan labule.

"Bhai sahib, wannan abin da faifai ke shiga ne ya mutu. A sa sabo. Tsohon kuma a jefar da shi kawai, kada ka wahalar da idonka wajen buɗewa. Babu komai a ciki."

Abbu ya ce to. Ta kai bakin ƙofa ta sake juyowa ta maimaita cewa a jefar. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka tausayin idon Abbu ne.

Lahadi da safe na hau da ita sama. Watan Yuni ne, kuma wuta awa ɗaya ake ba mu a ɗauke awa ɗaya, don haka duk aikina a lissafe yake: abin da ke buƙatar kunnawa a yi shi da wuta, kwance-kwance kuma idan an ɗauke. Na ɗaure gyalena a ƙugu, na tura gashi baya, na jona. Da na danna maɓallin injin faifan, 'yar fitilarsa ta ƙifta, aka ji gurnani a ciki, tiren ya leƙo kamar faɗin yatsa ya koma. Na sake dannawa, ya sake yin haka.

Abbu ya hawo yana lalube da bango, kamar yadda ya saba idan aiki ya fi ƙarfin zamansa a ƙasa. Ya zauna a bakin gadon igiya ya ce in danna ya ji. Na danna. Ya karkata kunne, ya ce in ƙara.

"Ba mutuwa ya yi ba, 'yata. Wani abu ne ya riƙe shi. Akwai faifai a ciki."

Na ce ai Khala ta ce babu, kuma ta ce a jefar. Ya ce mai kaya yana da ikon cewa a jefar da ƙarfensa, amma a shagonsa ba a taɓa jefar da inji da faifan mutane a ciki ba. Tun zamanin kaset haka yake yi. Ana ciro wa mutum abinsa, a gwada sabon injin da shi, sannan a miƙa masa a hannu. Wani lokaci hoton mamaci ne kaɗai da ya rage wa gida, mai kawowa bai ma sani ba. Ya faɗi haka ya miƙe ya koma shago.

Na zare fil daga gashina na miƙar da shi. Akwai wani ɗan rami a fuskar kowane inji, ƙarami kamar hudar kunne, idan ka zura fil ka tura, tiren yakan fito ko babu wuta. Wannan ya ƙi. Na tura har fil ɗin ya lanƙwashe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zufa ta fara bin bayana.

Na cire wayar bango, na kwance murafun gefe biyu. Ƙura a ciki kamar ba a taɓa buɗewa ba, har da gawar ƙadangare ɗan ƙarami. Na zare wayar wuta daga bayan injin, na zare faffaɗar wayar nan mai kama da ɗamara, na kwance noti huɗu, na turo shi ta gaba ya fito. Sannan na kifa shi a kan tebur na buɗe cikinsa.

Abbu bai yi kuskure ba. Ga faifai a kwance, kuma ga abin da ya riƙe shi. Wani ya manna filastar ciwo a bayan faifan, irin farar nan ta yadi, ya yi rubutu a kai. Zafin juyawa ya narkar da gam ɗin, rabin filastar ya ɗago ya naɗe a jikin abin da ke danne faifai daga sama. Na ja tsaki. Tsofaffinmu ke nan, a kan komai sai sun manna filasta, daga kwalbar yaji har makullin ɗaki. Na ɓamɓare ta a dunƙule na liƙa a gefen tebur ban ko duba ba, na goge faifan da auduga da ɗan sifirit. Zoben robar da ke jan tiren ya riga ya saki, ɗan idon gilashin da ke karanta faifai kuma ya sha gam. Gara sabon.

Na ɗauko sabo daga kwali na zura a gurbin, na daidaita fuskarsa da ta akwatin, na ɗaure noti. Na mayar da faffaɗar wayar, jan layinta yana kallon wayar wuta kamar yadda Abbu ya koya min tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Sai na zauna jiran wuta ina fifita da murfin kwali.

Nimra ta leƙo da kofin lassi, damammen nono mai sanyi. Ta saka shuɗiyar riga mai ɗigon fari, littafin kwaleji a hammata. Baji take ce min, wato yaya. Ta ce, "Baji, amarya guda ke wanka da ƙura? Wallahi idan lalle ya ƙi kama hannun nan, ba ruwana." Na ce ta ajiye ta ba ni wuri. Ta ce tana neman hantsakin girarta, ta san ni ke sacewa. Na rantse ban gani ba, alhali yana ƙarƙashin cinyata.

Wuta ta dawo ƙarfe goma sha ɗaya. Na kunna. Tiren ya fita ya koma lafiya lau, amma kwamfutar ta tsaya tana tunani, daga baya ta rubuto cewa ba ta ga komai ba, har rumbun ajiyarta ma ya ɓace mata. Ga shi kuma kayan surukai ne. Na kashe, na danna kowace waya da kyau, na kunna. Haka dai. Na canza faffaɗar wayar da wata, babu bambanci. Sai da na ci kusan rabin awa sannan na tuna. Rumbun da injin faifan waya ɗaya suke bi, kuma a bayan kowannensu akwai wata 'yar roba kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa a kan fil biyu, ita ke nuna wanda ke gaba da wanda ke biye. Sabon ya zo a saite a gaba, rumbun ma haka. Na ciro hantsakin Nimra, na cire 'yar robar na matsar da ita gida ɗaya. Da na kunna, komai ya fito.

Saura gwaji. Na ɗora faifan Khala a tire na tura.

Furanni suka fara yawo a allo, kiɗa ya tashi, sai ga sunan Farzana da na angonta cikin zuciya mai walƙiya. Wayyo, masu karatu, ku zo ku ga yadda na rufe fuska ni kaɗai a ɗaki. Ashe shi ne. Faifan da aka gan ni a ciki. Na ce bari in ga daidai wurin, in ga me wannan bawan Allah ya gani a jikina da gida huɗu suka kasa gani. A nan ne na tuna da filastar. Na ɓamɓaro ta daga gefen tebur, na warware ta da farce a hankali.

Rubutun Khala ne, na san shi daga katin da ta kawo tare da kwalin alewa. Layi na farko da shuɗin biro, a karkace, irin na wanda ke rubutu waya tana kunnensa: "Minti 41. Koren kaya, kusa da amarya." Layi na biyu da baƙin biro, a natse, wata rana daban: "'Yar Ustad Nazir. Ƙaramar."

Ban buƙaci kallo ba, amma na ja faifan zuwa arba'in da ɗaya. Ranar lalle ce. Ga Farzana cikin rawaya kanta a sunkuye, ga Nimra a gefenta cikin koren siliki mai aikin azurfa, wanda ni na kai wa tela da hannuna. Wata ta faɗa mata magana a kunne, ta tuntsire da dariya, ta rufe baki da bayan hannu. Mai kyamarar ma ya daɗe a kanta.

Na tsayar da hoton. Ban yi kuka ba a lokacin. Sanyi na ji, a cikin wannan zafin, tun daga yatsun ƙafa. Sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa rubuto cewa kore yana min kyau, na ce ai koren gyalen da na yafa ranar walima yake nufi. Ya taɓa cewa idan na zo zai hana ni ɓoye dariyata. Ni da ba a cika ganin haƙorana ba, na karɓa na adana, na yi ta karantawa. Mace mai gano laifin inji da kunne, na kasa jin wannan.

Ammi tana tsakar gida a inuwar matakala, tana ɗinka zaren zinariya a bakin jan gyalen da zan yafa ranar Juma'a. Nimra ta tafi gidan ƙawarta karatu. Na sauko na ajiye wa Ammi filastar a kan gwiwarta. Na so ta kasa ganewa. Na so ta ce mene ne wannan, ta dafe ƙirji, ta zagi Khala. Ta ɗauka ta nisanta da idonta ta karanta, ta ninke ta biyu, ta tura ƙarƙashin kwalin allura.

"Musarrat ba ta da hankali," ta ce. "Na ce mata ta fasa faifan."

"Ammi, kin sani?"

"Rage murya, ubanki yana shago."

Ta ci gaba da ɗinki tana magana, ko ɗagowa ba ta yi. Ta ce Khala ta zo neman Nimra, gaskiya ne. Ita kuma ta faɗa mata a gidan nan ba a tsallake babba. Khala ta tafi ta kwana biyu tana tunani, ta dawo ta ce ita ma da za a bi ta tata, babbar ta fi mata. Takardu sukan ɗauki shekara biyu ko uku, kuma a gidanta amaryar za ta zauna kafin nan. Tana son mai natsuwa da za ta kula da ita, ba 'yar kwaleji mai dariya a gaban kyamara ba. Suka daidaita a tsakaninsu. Aka ce wa Sarfaraz mai koren kaya sunanta Shumaila. Abbu bai sani ba, Nimra ma haka.

Na ce, "To ranar da ya gan ni fa?"

"Ya ga matarsa. Zai yi fushi sati ɗaya, ya yi wa uwarsa faɗa a waya, shi ke nan. Maza nawa ne a garin nan suka ɗaga gyale suka ga abin da ba su zata ba, ga su nan da jikoki." Sai a nan ta dube ni. Idonta ya yi ja. "Da wa yake hira wata huɗu? Da Nimra? Waye ya san ciwon bayansa da sunan mai gidan hayarsa? Ke yake so, bai dai sani ba. Minti ɗaya ya ga waccan, Shumaila. Minti ɗaya."

Na ce ƙarya ce dai. Ta ce in kira ta duk abin da na ga dama. Ta ce ta gaji da zuwa bikin mutane ana tambayarta ko babbar tana nan har yanzu. Ta ce idan wannan ya watse, na shida ba zai zo ba, kuma Nimra za ta tsufa a bayana tana jira, don Abbu ba zai taɓa yarda a tsallake ni ba. Ta kama hannuna, wannan mai warin dalmar, ta riƙe da ƙarfi.

"Kwana biyar kawai nake roƙonki. Ki yi shiru kwana biyar. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ku da kuke shirin zagin Ammi a ƙasan wannan rubutu, ku dakata. Ni na san daren da ta yi tana kuka bayan gida na uku. Kuma abin kunyar, maganarta ta shige ni. Na hau sama ina maimaita ta. Ai da ni yake hira. Ai ni ce Injiniya. Wa na cuta idan na yi shiru? Na mayar da murafun kwamfutar, na ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, na goge ƙurar, na ninke zanen Khala mai furanni na ajiye a kai. Na ci gurasar roti biyu da rana kamar kowa. Abbu ya tambayi me ke cikin faifan, na ce biki ne kawai, ya ce kin gani, da an jefar wa mutane da bikinsu.

Da la'asar aka dawo da wuta, saƙonsa ya shigo. Lahadi ba ya aiki.

"Injiniya, yaya mara lafiya? Ya tashi?"

Na ce ya tashi, faifai ne ya maƙale a ciki.

"Wane faifai?"

Na ce na bikin Farzana.

"Allah sarki. Nawa yana nan, ya kusa ƙonewa don kallo. Abokan ɗakina har sun haddace arba'in da ɗaya, da na taɓa na'urar sai su fara tsokana."

Na daɗe ina kallon wannan saƙon. Na hango shi a ɗakin da ya sha kwatanta min, mai gado huɗu da taga ɗaya, ya dawo da baƙin mai a hannu, ya karanta saƙona, sannan ya kunna ya kalli fuskar ƙanwata. Kullum, wata huɗu. Maganata ce, amma a bakinta yake jin ta. Kuma na hango hunturu, ya ɗaga jan gyalen nan, Nimra tana tsaye a bayana riƙe da kofin madarar da ƙanwar amarya ke ba ango.

Amma ban daina sa rai ba, kun ji wautar. Na ce wataƙila idan ya gan ni, wani abu zai faɗa masa. Wanda ya san ni haka, ai zai gane ni. Na sake kunna kwamfutar Khala, na bi faifan daga farko ina neman kaina. Da ƙyar na samu. A minti na goma sha bakwai, lokacin da mata ke shigowa da farantan lalle, ina tsaye jikin ginshiƙi cikin kaya ruwan ƙasa, tabarau a ido, jakunkunan mutane uku a rataye a hannuna saboda masu su sun shiga rawa. Daƙiƙa huɗu ne, na ƙirga.

Na rubuta, "Akwai wani wurin da na fito, ba ka lura ba. Ka kai minti goma sha bakwai ka tsayar."

"Da gaske? Tsaya in kunna."

Na ajiye wayar a kan tebur na goge tafin hannuna a riga. A ƙasa na ji Nimra ta dawo, tana ba Ammi labarin wani abu tana dariya. Mai sayar da mangwaro ya wuce ta layi yana kira. Wayar ta yi ƙara.

"Na tsayar, na koma baya sau uku. Ban gan ki ba. Yara ne da faranti, sai wata anti mai tabarau jikin ginshiƙi da jakunkuna. Kina bayanta ne?"

A nan ne kukan ya zo. Na cire tabaran na goge, na mayar, don in ga abin da zan rubuta. Na fara dogon bayani, da Khala, da Ammi, da rantsuwar cewa yau na sani. Na goge duka. Na san abin da zan rasa, da abin da zan ja wa gidanmu, kuma na san Ammi ba za ta yafe min da wuri ba. Amma ba zan iya zama a gaban malam ranar Juma'a in ce na yarda sau uku ga mutumin da ke amsawa da wata fuskar a ransa ba.

Na rubuta, "Ni ce antin. Ni ce Shumaila. Mai koren kaya ƙanwata ce." Na tura.

Minti biyar, shiru. Minti goma. Na riƙe wayar da hannu biyu ina cewa a raina, ka zage ni ma, ka ce Injiniya wasa kike yi, ka ce komai, ni dai ka ce min. Faifan yana ta juyawa a sabon injin, sumul, babu ko gargada.

Wayata ba ta yi ƙara ba. Ta gida ce ta yi, can ƙasa a falo. Na ji takun Nimra da gudu, na ji ta ɗauka ta yi sallama. Bayan ɗan lokaci ta zo gindin matakala ta ɗago kai.

"Baji, Sarfaraz bhai ne. Ya ce ba ke yake nema ba, a ba shi Abbu." Ta ɗan tsaya, hannunta a kan ƙarfen matakalar. "Wai lafiya? Sau biyu ya tambaye ni sunana."